Buhuna a Sito, Jama'a a Bakin Ƙofa

Litinin, 19 ga Oktoba, 2020

An sa zaman kwamitin kuɗi da ayyuka ƙarfe goma na safe, amma sai bayan azahar aka zauna, domin Ciyaman ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ni ke rubuta bayanin zama. Tun watan Afrilu kuma aka ƙara mini da sakataren kwamitin rabon tallafin korona na ƙaramar hukumarmu, muƙamin da ba shi da alawus, sai dai yawan masu gaishe ka a hanya.

Abubuwan da ke gaban kwamiti su ne na kullum: kwalbatin hanyar kasuwa da ruwan Agusta ya tafi da ita, rufin ajujuwa biyu da iska ta yaye, famfunan tuƙa-tuƙa da suka tsaya a mazaɓun arewa, da bashin man motar ɗaukar marasa lafiya. Kowane shugaban sashe ya karanta takardarsa, kowanne kuma amsa ɗaya ya samu daga Ma'aji: “A jira kaso ya sauka.”

Wanda bai taɓa aiki a sakatariya ba yakan ɗauka kuɗi ne jibge a nan. A rubuce, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarauta, da na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya tsira shi ke isowa wurinmu, albashi kuma ya lashe mafi yawansa. Bana aljihun ya ƙara tsukewa: gwamnatin tarayya ta gina kasafinta a kan dala 57 kowace gangar mai, annoba ta sa dole aka mai da shi dala 28.

Maganar tallafi ta zo a ƙarshe, ƙarƙashin sauran batutuwa. Mai kula da sito ya ce kayan abincin da aka turo mana daga babban birnin jiha suna nan tun farkon wata, sukari ne bai cika ba, kuma umarnin da ya zo da su shi ne kada a taɓa sai an sa ranar ƙaddamarwa. Ya ce ɓeraye sun fara huda katan-katan ɗin taliya. Kwamiti ya amince a sayi maganin ɓera da katakon da za a ɗora buhuna a kai. Shi kaɗai ne kuɗin da aka amince a fitar yau.

Talata, 20 ga Oktoba

Yinin yau a kan teburin karɓar baƙi ya ƙare. Yara masu neman takardar shaidar asali don shiga makarantu da aikin ɗamara sun cika baranda, kowa da takardar mai unguwa da ta dagaci a hannu. A tsakaninsu kuma ga masu tambayar tallafi. Wani tela ya leƙo ya ce, “Malam, an ce ku ke rubuta sunan masu dubu talatin.” Na ce ba mu ba ne. Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shirye-shiryen suna da yawa, kowanne da ƙofarsa, amma a wurin talaka duk “kuɗin korona” ne, kuma duk a sakatariya suke. Akwai naira 20,000 da aka biya a watan Afrilu ga gidajen da ke karɓar 5,000 duk wata, wato na wata huɗu a haɗe. Wannan na ma'aikatar jinƙai ne ta Sadiya Umar Farouq, daga kundin masu ƙaramin ƙarfi da Shugaba Buhari ya ce a faɗaɗa daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Akwai bashin Babban Banki da aka fara da naira biliyan 50, ta hannun bankin NIRSAL, wanda mutane da dama suka ɗauka kyauta ce, alhali biya za a yi. Akwai asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, wanda a cikinsa ne 30,000 ɗin da telan ke nema take. Ana buƙatar lambar BVN. Sannan ga aikin wucin gadi na mutum 774,000, dubu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 duk wata har wata uku, ƙarƙashin ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da hukumar NDE. Kwamitin jiha ne ya zaɓi sunaye, kuma an ɗage farawa daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba.

A duk waɗannan babu ko kwabo da ya shigo asusun ƙaramar hukuma. Abin da aka damƙa mana a hannu shi ne buhunan da ke sito, daga gidauniyar CACOVID ta 'yan kasuwa da bankuna, su Aliko Dangote. Su ma ɗin ajiya aka ba mu, ba iko ba.

Na rubuta wa telan sunan shirin a takarda, na ce kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa na banki.

Laraba, 21 ga Oktoba

Ranar kasuwarmu. Na raka jami'in haraji zagaye saboda ƙorafin da Sarkin Kasuwa ya kawo a rubuce. Hujjarsa ita ce, watannin da aka rufe kasuwa saboda kulle babu wanda ya sayar da ko allura, don haka bai kamata a bi masu rumfa bashin kuɗin waɗannan watanni ba. Jami'in haraji ya ce in aka yafe, da me za a biya masu shara da masu gadi? Dukansu biyu suna da gaskiya. Mun tsaya a kan za a kai wa majalisa shawarar a yafe rabi, sauran a biya kaɗan-kaɗan zuwa ƙarshen shekara. In majalisa ta amince, wannan ne tallafin korona na farko da ƙaramar hukumarmu za ta bayar daga jikinta.

Sabon gero ya shigo, farashinsa ya ɗan sauko, amma shinkafa da man gyaɗa ba a magana. Iyakokin ƙasa suna rufe tun Agustan bara, litar fetur ta haura naira 150 tun watan jiya, kuɗin mota ya bi ta. A cikin kasuwar nan duka ban ga mai takunkumi ba sai ma'aikacin lafiya guda. Bokitin wanke hannu da muka ajiye a ƙofar shiga lokacin azumi yana nan, babu ruwa a ciki, wani mai rake ya mai da shi kujera.

A rumfar mai shayi kowa ya duƙufa kan waya. Jiya da dare an yi harbi a Lekki ta Legas, inda masu zanga-zangar EndSARS suka taru, an kuma sa dokar hana fita. Mutanenmu da ke ci-rani can suna ta kiran gida.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Zaman sulhun manoma da makiyaya, wanda ake yi duk shekara kafin dabbobi su gangaro. Hakimi ne ya shugabanta, ga DPO, ga arɗo-arɗo, ga sarakunan noma. Dawa da wake suna gona har yanzu. An amince kada a saki dabbobi cikin gonaki sai an yi shela, manoma kuma su buɗe burtalin da suka cinye wajen rafi. Wani arɗo ya miƙe ya ce, “Allah ya ja zamanin Hakimi, in za a raba kayan da muka ji an kawo, a tuna rugage ma mutane ne a cikinsu.” Na rubuta maganarsa, domin da na duba jerin sunayen masu karɓar tallafi da ke hannuna, babu ruga ko ɗaya a ciki.

Da yamma aka fara yaɗa hoton bidiyon jama'a sun fasa wani rumbun ajiya a Legas, suna fitowa da buhuna masu tambarin CACOVID, irin namu sak. Ƙarfe bakwai Shugaban Ƙasa ya yi jawabi, ya nemi a daina zanga-zanga, ya lissafa shirye-shirye irin su TraderMoni da N-Power. Bayan isha mai gadin sito ya kira ni ya ce wasu samari sun zo suna leƙe ta taga. Ba su taɓa komai ba, kallo kawai suka yi suka tafi.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Na zauna da lissafi. CACOVID ta ce ta ware naira biliyan 23 don ciyar da gidaje kusan miliyan 1.7, kimanin mutum miliyan 10. In aka raba gidajen nan ga ƙananan hukumomi 774, kowace za ta tashi da gida dubu biyu da 'yan kai. A ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, wannan na nufin mutum ɗaya cikin ashirin ne zai samu, sha tara su tsaya kallo. Lissafin ya kuma ɗauka mutum shida ne a gida. A nan kuwa akwai gidan da ake ɗora tukunya ɗaya don baki ashirin.

Jerin sunayen da kansiloli suka kawo tun watan jiya yana da nasa ciwon. Na ga sunan mai gidan bulo a ciki, na ga suna ɗaya sau uku da lambar waya daban-daban, na ga mazaɓar da duk mutanenta 'yan layi ɗaya ne, layin su kansila. Na kai wa Sakataren ƙaramar hukuma. Ya duba, ya cire gilashi, ya ce, “Ajiye shi tukuna, ai ba a sa rana ba.”

Bayan sallar Juma'a wani saurayi ya tare ni a ƙofar masallaci, da ladabinsa, ya ce, “Baba, wai kayan nan namu ne ko na zaɓe ake jira da su?” Na ce umarni muke jira. Ya yi dariya ya wuce. Da dare labari ya zo an fasa rumbuna a Ede ta jihar Osun da kuma Ilori.

Asabar, 24 ga Oktoba

Abin ya bazu a arewa. A Bukuru kusa da Jos jama'a sun haye rufin rumbu, sun ɓalle kwano, suna jeho buhuna ƙasa. A Kaduna ma an daka wa wuraren ajiya wawa har aka sa dokar hana fita, haka a Jalingo. Kafin la'asar babu wayar da hotunan ba su shiga ba a garin nan.

Bayan magariba aka kira zaman gaggawa a zauren Hakimi. DPO ya faɗi gaskiyarsa: 'yan sandan da ke hannunsa ba za su iya tsare sito ba in gari ya taso, kuma ba zai ba da umarnin a harbi kowa a kan taliya ba. Wani kansila ya kawo shawarar a kwashe kayan cikin dare a ɓoye su a gidajen manya. Hakimi ya bari ya gama, sannan ya ce, “Ɗana, duk buhun da ya fita daga siton nan da dare sunansa sata, ko da masallaci za a kai shi. In za a fitar, a fitar rana tsaka, kowa yana gani.”

Ciyaman ya ce shi ba shi da hurumin rabawa sai da izinin jiha. Limamin Juma'a ya ce, “Ranka ya daɗe, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kira su yanzu.” Ya fita waje da waya, muna jiyo shi yana “Yallaɓai, Yallaɓai”. Da ya dawo ya ce an ce ya rubuto a takarda, za a duba ranar Litinin.

Abin da aka yanke kafin a tashi, wajen sha ɗaya na dare:

Za a ajiye jerin kansiloli a gefe. Kowace unguwa da ƙauye da ruga za a ba ta adadinta gwargwadon yawan gidajenta, ta zaɓi mutanenta a bainar jama'a. Za a fara da matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu, da tsofaffin da ba su da mai yi musu, da naƙasassu, da waɗanda ruwa ya rushe wa ɗaki bana. Ma'aikacin gwamnati, da mai sarauta, da mai riƙe da muƙamin jam'iyya ba sa ciki. Mai shela zai zaga gari tun asuba ya faɗi yawan kayan da ke sito da ranar da za a raba. 'Yan sintiri za su kwana a ƙofar sito, tare da samari biyu daga kowace unguwa ta cikin gari.

Kansiloli ba su ji daɗi ba. Ɗaya ya ce an mai da su 'yan kallo a mazaɓunsu. Aka ce su za su sa hannu a takardar kowace mazaɓa a matsayin shaidu.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Na zaga unguwannin cikin gari a kan babur, sauran 'yan kwamiti suka bi ƙauyuka. Tsarin ba sabo ba ne. Haka masu haɗa kundin masu ƙaramin ƙarfi suke yi: a tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi gidajen da yake ganin sun fi kowa buƙata, sannan a haɗa a karanta.

A wata unguwa, mai unguwa yana karanta sunaye bayan la'asar, ya zo kan wani suna sai mata suka ɗau guɗa ta ba'a, suka ce ai wannan shanunsa huɗu a turke. Nan take aka soke. Wata dattijuwa kuma ta ce an manta da makauniyar da ke bayan makabarta, wadda ba ta fita ko'ina. Aka rubuta ta. Ni da nake zaune a ofis ba zan taɓa sanin waɗannan biyun ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Inda aka sha wahala shi ne unguwar da aka ba gida goma sha biyu, mabuƙata na gaskiya kuwa sun ninka haka. An yi ta ja-in-ja har magariba. Wasu suka ce a farke buhuna a auna da kwano kowa ya samu. Na ce umarnin masu kayan shi ne kowane gida ya karɓi kasonsa cikakke, kuma da zarar an farke buhu lissafi ya ɓace. Daga ƙarshe suka sasanta a tsakaninsu: suna ɗaya a takarda, amma kowane mai karɓa an haɗa shi da maƙwabcin da zai raba da shi a gida. Wannan ba ya cikin wata takardar gwamnati, ban kuma hana ba.

Yau ma an fasa a Yola. Garinmu lafiya. Samarin da suka kwana a sito sun ƙirga kayan da kansu, suka faɗa wa abokansu adadin, ya zo daidai da abin da mai shela ya faɗa.

Litinin, 26 ga Oktoba

Izini ya zo da hantsi, ta waya, takarda za ta biyo baya. Maganar bikin ƙaddamarwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Sai kuma matsalar da ba a yi tunaninta ba a can sama: kayan sun zo babu kuɗin kai su ƙauyuka. Babu na mota, babu na 'yan dako, babu na buga kati. Ma'aji ya ce asusu ya bushe, kuma ko da akwai, tun watan Yunin 2019 ƙa'idar hukumar NFIU ta hana a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Sarkin Tasha ne ya fid da mu kunya. Ya ba da a-kori-kura da direbobi a kan a zuba mai kawai, man kuma mai gidan mai ya bayar bashi da bauca. 'Yan dako suka ce a biya su in albashi ya fito. Katunan kuwa a injin ofishin ilimi muka buga, na yini ina danna musu hatimi.

An fara lodi ƙarfe goma sha ɗaya, ƙofar sito a buɗe, jama'a sun yi da'ira suna kallo. Kowace mota kafin ta tashi sai a faɗi da lasifika mazaɓar da za ta da abin da ta ɗauka, dagaci ko wakilinsa ya sa hannu, kansila ya sa, ɗaya daga cikin samarin ya hau baya ya raka ta. Katan-katan ɗin da ɓera ya ɓata an ware su gefe, an ƙirga, an rubuta. Sukarin da bai cika ba an sanar tun yanzu cewa mazaɓu biyu na cikin gari ba za su samu ba, domin su suka fi kusa da shago.

Rediyo ta ce yau an fasa babban rumbu a Gwagwalada.

Talata, 27 ga Oktoba

Rabo a mazaɓun cikin gari da na kan titi, duka a lokaci guda, don kada mutanen wata mazaɓa su kwararo wata. A ƙofar gidan dagaci aka yi, ba a makaranta ba, tun da yara sun koma makaranta. Mai kati ya miƙa, a kira sunansa, ya dangwala yatsa, ya ɗauki shinkafa mai kilo 10, da ƙaramin buhun gari, da taliya, da taliyar yara, da gishiri. Maganar ba da tazara kuwa sai dai a takarda; an sa layin maza da na mata, iyakar abin da ya yiwu ke nan.

Wata tsohuwa ta dafa teburina ta ce, “Ɗan nan, ni ba a ba ni kati ba, kuma jikoki biyar ke hannuna.” Na duba, babu sunanta. Mai unguwa ya ce ranar Lahadi tana asibiti da ɗaya daga cikin yaran, kuma ba wanda ya tuna. Na ce, “Inna, ki zauna a inuwa, kada ki tafi.” Kwamiti ya ware ɗan abin da za a toshe irin wannan ɓaraka a kowace mazaɓa, da sharaɗin mutum uku na unguwar su shaida. Sun shaida, ta karɓa. Waɗanda suka zo bayanta da irin wannan kuka sun fi abin da aka ware yawa. Na rubuta sunayensu a wani littafi daban, ban yi musu alkawarin komai ba.

An kama wani yana sayen kati a hannun mata a kan kuɗi kaɗan. 'Yan sintiri suka karɓe katunan aka mayar wa masu su. Kafin la'asar kuma na ga katan ɗin taliyar yara a shagon bakin tasha. Ban ga abin hukunci a nan ba. Wadda ta sayar da taliya ta sayi gero kwano uku ta fi mu sanin abin da gidanta ke ci.

Laraba, 28 ga Oktoba

Mazaɓun bakin kogi. Hanya ta yanke tun ambaliyar Satumba, sai da aka sauke kaya aka ɗora a amalanken shanu, wani wurin a kwalekwale. A nan ne na ga inda tallafin ya yi kaɗan ƙwarai. Mutanen da shinkafarsu ta nutse a fadama ba korona ce damuwarsu ba. Da yawansu ba su san wanda ta kama ba. Wani dattijo ya karɓi nasa ya yi godiya, sannan ya ce, “Malam, wannan na kwana nawa ne? Ku gaya wa Ciyaman iri muke so da injin ban-ruwa kafin sanyi ya shiga, mu yi noman rani.” Na sa maganarsa a rahoto yadda ya faɗe ta.

Rugage uku sun karɓa ta hannun arɗonsu, a gaban dagaci.

A hanyar dawowa muka ji rediyo na maimaita bayanin Ƙungiyar Gwamnoni, cewa ba ɓoye kayan aka yi ba, wasu an ajiye su ne saboda tsoron annoba ta dawo zagaye na biyu, wasu jihohin kuma ba su gama karɓa ba. CACOVID ma ta ce yawan abincin da aka yi oda ne ya sa masana'antu suka kawo shi kashi-kashi. Mai yiwuwa haka ne. Mu ma sukarinmu bai cika ba. Amma wannan bayani da an yi shi tun ranar da motar farko ta sauke kaya, da jama'a ba su cike gurbin da zato ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Hutun Mauludi. 'Yan Islamiyya sun zaga gari da sababbin kaya. Na je gaishe da Hakimi, na tarar da masu ƙorafi a zaure, yawancinsu waɗanda ba su samu ba. Ya sa aka kawo takardar unguwarsu aka karanta musu, ya ce duk wanda ya ga sunan da bai cancanta ba ya nuna. Ba wanda ya nuna. Sun tafi ba da daɗin rai ba, amma ba su ce an ci ba.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Albashi ya shiga jiya da dare. Tun safe masu shago da masu bin bashi suka san haka kafin a faɗa musu. Albashin malamai da ma'aikatan lafiya da leburori na wata guda yana zuba wa kasuwar garin nan abin da ya fi duk buhunan da muka raba, kuma shi duk wata ne. An biya 'yan dako. Mai gidan mai sai wata mai zuwa.

Na kammala rahoto: abin da aka karɓa, abin da ya lalace, abin da kowace mazaɓa ta samu, sunaye da dangwalen yatsa. Kwafi ɗaya jiha, ɗaya majalisa, ɗaya fadar Hakimi, ɗaya na manna a allon sanarwa na bakin ƙofa. Sito babu komai a ciki, an bar shi a buɗe.

A shafin ƙarshe na rubuta shawarwari uku, ko za a karanta ko ba za a karanta ba. Na ɗaya, duk kayan tallafin da aka sauke a ƙaramar hukuma a sanar da yawansu a ranar, a raba cikin mako guda, kada a jira babban baƙo. Na biyu, a riƙa haɗo su da kuɗin dako da na mota, domin buhu ba ya kai kansa ƙauye. Na uku, kowace mazaɓa ta riƙe littafin mabuƙatanta, a sabunta shi duk bayan kaka a gaban jama'a, a ajiye kwafi wurin dagaci da sakatariya.

Sitonmu bai tsira don muna da 'yan sanda ko katanga mai tsawo ba. Ya tsira ne don an faɗa wa mutane abin da ke ciki, an bar su suka zaɓi masu karɓa da bakinsu. Kuma sai da wuta ta kama a wasu garuruwa muka yi hakan, alhali tun farkon wata za a iya yi. Kirana ga 'yan'uwana ma'aikatan ƙananan hukumomi, da kansiloli, da iyayenmu masu unguwanni: kada mu jira wata annoba ko ambaliya kafin mu san gidajen da ba a ɗora tukunya a cikinsu. A buɗe littafin nan tun bana.